Fita da zane daga Kano zuwa Kumasi ta mota: takardun da aka nema a hannunmu

Ni da maigidana sana'armu ɗaya, zane. A Zariya muka yi karatu, sashen koyar da zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun da muka yi aure rayuwarmu ta kasu gida uku: zaman ɗakin aiki a Kano, yawon neman abin zanawa, da kai ziyara ga dangi. Shi gine-gine ne abin sonsa, zankwayen soraye, ƙofofin ganuwa, adon dagi a bangon tsofaffin gidaje, sai kuma rubutun larabci da yake ƙawatawa a kan ƙyalle. Ni kasuwa nake zanawa, da hannuwan mata a bakin aiki, ina haɗa fentin kanti da baba da lalle da jar ƙasa. Danginmu a warwatse suke, don haka muka saba duk inda za mu je zumunci mu ɗauki aikinmu, abin da aka saya ya biya kuɗin mota da tsaraba. A cikin Najeriya ba wanda ya taɓa tambayarmu takarda. Da tafiyar Kumasi ta taso a 2025 sai muka tarar zane ma yana da nasa takardun daban da na mai shi, kuma duk wanda muka tambaya da irin amsar da zai ba mu. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru daki-daki, ko wani mai zane ko mai sana'ar hannu zai huta da kame-kamen da muka yi.

Baffan maigidana ne a Kumasi, a unguwar Aboabo. Kakanninsu fataken goro ne, masu bin tsohuwar hanyar Gwanja ta ƙasar Bargu da Jugu da Sansanin Mango har Salaga, wani reshe na gidan ya zauna can bai dawo ba. Baffa ya tsufa, ya daɗe yana aiko saƙo yana son ganin ɗan ɗan'uwansa da iyalinsa, 'ya'yansa kuma suka ce idan mun zo da zane za su samar mana zauren wata makaranta mu baje. Da farko mun yi tunanin hanyar arewa, ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu a shiga Gana ta Paga. Mun haƙura da ita saboda rashin tsaro a wasu sassan hanyar, ga kuma Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025. Sai muka tsayar da hanyar bakin teku: Legas, Kwatano, Lome, Akara, sannan Kumasi.

Fasfo muka fara da shi. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza in zai shiga wata ƙasar ƙungiyar, yana iya zama har kwana 90 bisa yarjejeniyar 1979, amma ba a zuwa hannu rabbana, sai da fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS. Namu duka sun ƙare aiki, muka cike neman sabuntawa ta intanet a shafin hukumar shige da fice. A lokacin mai shafi 32 na shekara 5 naira 50,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 100,000. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗin ya ninka, ya koma 100,000 da 200,000. Abin da ya fi ja mana lokaci shi ne suna. Dole abin da ke kan lambar NIN ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, shi kuwa maigidana wanda ya cike masa fom shekarun baya ya rubuta Mohammed a wuri ɗaya, Muhammad a wani. Sai da aka gyara wannan tukuna neman ya wuce, kuma gyaran ya ci makonni. Ranar ɗaukar hoto da tambarin yatsu na ga abin da ya kamata mata su sani: wata baiwar Allah da ke gabana a layi ta zo da jan lalle har kan yatsu, na'ura ta ƙi karanta ta, aka ce ta dawo in ya goge. Ni dama na ajiye aiki da baba da lalle tun kafin ranar, ina shafa man kaɗanya, domin masu aiki da fenti da sinadarin wanke burushi fatar yatsunsu kan bushe ta tsage. Bayan nan sai jira, ana duba saƙo a waya, har aka kira mu muka karɓa.

Katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad, bai ba mu wahala ba. Ana rajista ta intanet da lambar fasfo, a biya ta Remita, a buga rasit, a kai ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Mu na filin jirgin saman Malam Aminu Kano muka je. Aka yi mana allura, aka ba mu katin mai lambar da ake haskawa da waya. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne. Allurar kuwa sau ɗaya ce har ƙarshen rayuwa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016. Tun da lambar fasfo ake ɗaura shi, a fara karɓar sabon fasfo kafin a nemi katin.

Daga nan muka koma kan zanen. Wani tsohon malaminmu na Zariya ne ya faɗa mana gaskiyar lamarin: duk wani aikin fasaha da zai fita daga Najeriya yana buƙatar takardar izini daga Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, takardar da ke shaida cewa kayan nan sabon aiki ne, ba kayan tarihi ba. Ya ce kafin mu je ko'ina mu rubuta jerin kayanmu. Muka ba kowane zane lamba, muka rubuta sunansa, girmansa a santimita, abin da aka yi shi da shi, shekarar da aka yi shi da kuɗin da muka sa masa, muka manna ƙaramin hotonsa a gefe. Lambar nan muka rubuta ta a bayan kowane ƙyalle tare da sa hannu. Muka buga jerin kwafi da yawa, muka haɗa da wasiƙar gayyata daga 'ya'yan Baffa da katin shaidar ƙungiyarmu ta masu zane. Wani maƙwabcinmu ɗan Maraɗi da ke karatu a Kano ya rubuta mana shafi guda da Faransanci, yana bayanin su wane ne mu, me muka ɗauko, ina muka nufa, saboda Binin da Togo. Wannan shafi ɗaya ya yi mana rana fiye da yadda muka zata.

Ana cikin wannan shiri surukata ta kira ɗanta ɗaki, ta ciro wata tsohuwar gafaka daga ƙasan adaka. Kundin kakansu ne, rubutun hannu, takardun sun yi ja, gefensu ya cinye, har da lissafin goro da sunayen zangon da ayari ke sauka a ƙarshen wasu shafuka. Ta ce, “Ka kai wa Baffanka, shi ne babba yanzu, shi ya fi cancanta ya riƙe.” Maigidana ya durƙusa ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ina jin hukuma ba za ta bari wannan ya ƙetare ba. In aka karɓe shi a hanya mun yi biyu babu.” Ranta bai so ba, amma ta yarda da shawarar da muka kawo. Muka shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga, muka ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana ba tare da walƙiyar kyamara ba, muka buga mai launi, aka ɗinke mana shi littafi, wani baduku a kasuwar Kurmi ya yi masa sabuwar gafaka. Asalin ya koma adaka.

Ɗaurin kaya ma ilimi ne. Zane mai firam ba ya jure doguwar mota, don haka muka cire kowanne daga katakonsa. Ana naɗe ƙyalle ne fentin yana waje, domin in aka naɗe shi ciki fentin yakan matse ya tsage ranar da aka warware. Tsakanin kowane biyu muka sa takarda mai santsi. Jarida ba ta yi, tawadarta na kama zane, leda kuma na mannewa da fentin roba in zafi ya bugo. Muka sayi faffaɗan bututun roba mai inci 6 a wurin masu kayan famfo, muka sa masa murfi mai buɗewa a kowane baki, tun da mun san za a buɗe shi a rufe ba adadi. Zanen fentin mai da ba su gama bushewa ba muka bar su gida, irinsu kan ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. Sinadarin wanke burushi ma mun bar shi, abu ne mai kama wuta, kuma ana samunsa a can. 'Yan wuƙaƙen shafa fenti muka ɗaure su tare da burusai a jaka ɗaya, don duk wanda ya gani ya gane kayan aiki ne. Sefa kuma a Wapa muka canza tun a Kano, lokacin sefa 1,000 ta haura naira 2,500, muka roƙi ɗan canjin ya ba mu ƙananan takardu.

Bayan Babbar Sallah muka hau doguwar bas daga Sabon Gari zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Mun biya kuɗin kaya daban, maigidana kuma ya tsaya a kan masu lodi har sai da ya ga bututan sun hau saman kaya, ba ƙarƙashin buhuna ba. A Agege muka sauka gidan Gwaggona, wadda ta yi shekaru a can tana sayar da abinci kusa da zango. Tana ganina ta ce, “'Yar nan, kin rame, fentin kuke ci ne a gidan naku?” Ba ta bar mu mun yi maganar wata takarda ba sai da muka huta, muka zaga gaishe-gaishe, na zana jikokinta a littafin aljihuna suna ta rububin gani.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, nan muka nemi izinin. Daga Agege zuwa tsibirin Legas sai an yi sammako, don haka muna idar da sallar asuba muka ɗauki shatar mota da bututanmu. Kayan ake son gani da ido, hoto kaɗai ba ya wadatarwa. Muka rubuta takardar nema, muka miƙa jerin kayan da kwafin fasfo, aka ce mu jira jami'in da zai duba. Da ya zo sai ya sa muka warware su a kan dogon tebur, yana ɗaukar kowanne yana duba lambar baya yana gwadawa da jeri. Da ya iso kan nawa na lalle da jar ƙasa sai ya dakata, domin launinsu kan sa su yi kamar sun shekara ɗari. Ya juya ƙyallen, ya shafa saƙar, ya kai hanci ya shinshina, ya tambaye ni yadda nake haɗa launin. Na yi masa bayani, na nuna masa hotunan aikin tun yana rabi a wayata, ya gyaɗa kai ya sa alama. Maigidana ya nuna masa hoton kundin nan ya ce, “Yallaɓai, da mun zo da wannan fa?” Ya ce da ba zai fita ba. Doka ta ɗauki duk wani aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, har da rubuce-rubucen hannu, haka nan abin da aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya in yana da muhimmancin tarihi. Kwafin da muka buga kuwa ya ce littafi ne kawai, mu wuce da abinmu.

Aka yi mana lissafin kuɗi, muka biya ta hanyar gwamnati, muka kawo rasit. Kafin takardar ta fito muka shiga zagaya gidan. Na daɗe tsaye gaban kawunan yumɓu na Nok, aikin mutanen da da aka haƙo a ƙasa a yankin kudancin Kaduna, sannan muka je inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Duk Bakano ya tsaya a wurin nan sai jikinsa ya yi sanyi. Na fito ina ganin dokar nan ba takura ba ce. Wanda ya san yadda aka kwashe kayan fadar Benin, ta jihar Edo a yau, a 1897, da yadda aka yi ta haƙe kayan Nok ana sayarwa a ɓoye, ba zai ji haushin a buɗe masa kaya a duba ba. Da aka miƙo takardar muka tsaya nan muka karanta ta tsaf, muka tabbatar adadin kayan da sunanmu daidai suke, jerin ma an buga masa hatimi. Muka yi kwafi, asalin ya shiga jakar da ke rataye a wuyan maigidana.

Daga Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ake ƙetarewa, kuma yini guda cur yake ci. Akwai masu bi guntu-guntu, su sauka a kowace iyaka su sake mota, ya fi araha. Mai kaya irin namu gara ya hau bas mai zarcewa, ko da kuɗinta ya fi yawa. Hanyar Badagiri shingaye ne bila adadin, sannan aka iso Seme, inda tun Oktoban 2018 jami'an Najeriya da na Binin ke aiki a harabar gini ɗaya. Kwandasta ya tattara fasfo da yalo kad, amma duk da haka sai da muka sauka aka ga fuskokinmu. Jami'in kwastan ya nuna bututan ya ce mene ne, maigidana ya miƙa masa takardar Onikan da jeri, ya buɗe ɗaya ya ƙirga, ya mayar mana. Abin bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Wani matashi da ke motarmu da sassaƙen katako guda biyu ba takarda, shi kam sai da aka sauke kayansa, muka bar shi can yana ta kiran waya.

Muka ratsa Kwatano da 'yan acaɓanta masu rawayar riga, muka wuce Wida da Grand-Popo, teku na hagunmu, har Hillacondji, iyakar Togo. Da an shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, Gana ma haka, sai a kula da wannan wajen lokacin sallah da kiran waɗanda za su tarbe ka. Gaɓar Togo gajeriya ce, kilomita hamsin da 'yan kai, kuma iyakar Aflao, ta shiga Gana, a jikin birnin Lome take. A wani shinge cikin wannan tsakani, ba zan faɗi ko na wace ƙasa ba ne, wani jami'i ya zare naɗin maigidana zai warware a ƙasa, wurin kuwa duk laka, an yi ruwa. A ciki akwai masu ayoyin Alƙur'ani. Maigidana ya tare da hannu biyu, cikin ladabi ya miƙa masa shafin nan na Faransanci, ni kuma na cire mayafin da ke kafaɗata na shimfiɗa a kan benci. Mutumin ya karanta, ya dubi rubutun, ya ja da baya ya ce mu warware da kanmu. Zuciyata ta daɗe tana bugawa bayan mun tashi. Tun daga nan muka ware masu ayoyi a bututu guda, muka rubuta a jikinsa, kuma da an ce a buɗe mu muke riga kai hannu.

Maganar kuɗin da ake karɓa ba rasit, ba zan ɓoye ba, akwai ta, musamman ga mai sabon fasfon da ba a taɓa buga wa hatimi ba. Abin yana min ciwo, domin yarjejeniyar da shugabanni suka sa wa hannu ba ta ce haka ba, kuma talaka mai ɗan ƙullin kaya shi ya fi shan wahalarsa. Abin da na lura shi ne mai cikakkun takardu, wanda ya yi sallama ya yi magana a natse ya nemi rasit, ba a cika ja da shi ba. A Aflao jami'ar kwastan ta tambaya ko na sayarwa ne. Muka ce baje koli za mu yi a wurin dangi, wanda ya so zai saya, ga wasiƙar gayyata. Tsarin sassauta kasuwanci na ECOWAS ya yafe haraji a kan kayan aikin hannu da aka yi a ƙasashen ƙungiyar, kuma bai ɗora musu sharaɗin takardar shaidar asali ba, amma sai ka iya nuna cewa aikin hannunka ne. Jeri mai hatimi da katin ƙungiya su suka yi mana wannan shaida. Da aka buga mana hatimin shiga muka duba adadin kwanakin da aka rubuta kafin mu bar gaban tagar, don abin da aka rubuta shi ne izininka.

Dare ya yi kafin mu haye gadar kogin Volta a Sogakope, muka shiga Akara ta Tema. A Nima muka kwana gidan wata 'yar Baffa da ke aure a can. Da safe aka kawo koko da ƙosai, Hausa na tashi ta kowace kusurwa, muka je Kanda muka ga babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021, maigidana ya cika shafuka da zanen hasumiyoyinsa. Sannan muka kama hanyar Kumasi ta Nsawam da Nkawkaw, kimanin kilomita 250.

Baffa na zaune a kan buzu a zaurensa muka shiga. Ya riƙe kan maigidana da hannu biyu yana kiran sunan marigayi ɗan'uwansa, muka yi ta kuka gaba ɗaya. Bayan an ci abinci aka miƙa masa gafakar, tare da bayanin dalilin da ya sa asalin bai zo ba. Ya sa tabarau, ya buɗe, ya bi layi da yatsa har ya kai kan lissafin goron nan, sai ya fara karanto sunayen zango da ƙarfi, yana faɗa wa jikokinsa wanda ya taɓa ji a bakin mahaifinsa. Ya ce, “Ku gaya wa Hajiya ta kyauta. Wancan ya zauna a Kano, nan ne gidansa. Wannan kuwa yara ma sa iya taɓawa.” Washegari ya sa babban ɗansa ya zaga da mu gaida manyan unguwa da limamai kafin mu fitar da ko fensir. Wannan gaisuwa ita ta buɗe mana ƙofofi, domin bayanta duk inda na zauna da littafina sai a kawo min kujera.

Damina ce a Kumasi, iskar a jiƙe take, ba irin tamu ba. Muka warware zanen muka kwantar da su a ɗaki suka kwana biyu kafin su miƙe. Wani kafinta a unguwar ya yi mana sababbin katakai bisa awon da ke cikin jerinmu, muka ja ƙyallayen muka buga. Wanda aka ja da rana yakan saki da dare saboda laima, sai an sake ɗaure shi, kuma ba a jingina zane da bango kai tsaye, yana yin fumfuna. Baje kolin ya yi armashi. Abin da ya ba ni mamaki, waɗanda suka fi saye mutane ne da ba su taɓa taka Kano ba, amma sun tashi suna jin Dala da Kurmi da Ƙofar Mata a bakin kakanni. Wata Hajiya ta tsaya gaban zanen marina ta ce kakanta marini ne, ba ta tafi ba sai da shi. Yawanci ta waya suke biya, kuɗin ya shiga layin ɗan Baffa ya ciro mana sidi, kuɗin Gana. Duk wanda ya saya muka rubuta masa rasit mai lambar zanen, muka riƙe kwafi, muka soke lambar a jeri.

Sauran kwanakin aiki muka yi. Na zauna wurin mata masu goro suna jera shi a ganye suna yayyafa ruwa, na zana hannuwansu har na gaji. Kafin na zana kowa sai na nemi izini, wadda ta ƙi na bar ta, wadda ta yarda na nuna mata in na gama. Muka shiga kasuwar Kejetia, muka je Ntonso inda ake buga adon adinkra a kan tufa da hatimin da aka sassaƙa daga ƙwarya, da baƙin rini da ake dafawa daga ɓawon itace. Na sayo hatiman nan kaɗan, ina son gwada su da babanmu.

Komawa ma da tata takardar. Sababbin zanen da muka yi a Gana da hatiman ƙwarya ba sa cikin izinin Onikan, don haka a Akara muka je gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe ranar 5 ga Maris 1957, inda hukumar gidajen tarihin Gana ke ba da irin wannan izini. Muka yi musu sabon jeri, muka haɗa da rasit ɗin Ntonso, aka duba, muka biya, aka ba mu. A Seme aka tambaye mu zanen da muka dawo da su, ko sayo su muka yi. Tsohon jeri mai hatimi, da lambobin da aka soke da kwafin rasit, su suka nuna waɗanne ne suka fita da mu suka dawo.

Wanda zai bi wannan hanya ya fara da duba sunansa a NIN tun watanni kafin tafiya, sannan fasfo, sannan yalo kad, a jere haka, don kowanne na jiran na gabansa. Ya ware wa gidan tarihi yini guda a ranar aiki, kada ya sayi tikitin mota sai takardar na hannunsa. Ya ɗauki hoton aikinsa tun yana rabi, musamman in yana amfani da launin gargajiya. Kayan gado, ko tasa ce ko takobi ko kundi, a bar su gida komai nacin dangi, a kai musu hoto. Takardun asali su zauna a jiki, kwafi a cikin kaya, wani kwafin a waya. A lissafin kuɗi kuma a sa tsaraba a sahun farko. Mu abin da muka kashe a kan turare da kilishi da hulunan Kano na zuwa, da atamfa da man kaɗanya na dawowa, ya fi kuɗin takardun zanen duka, kuma gidajen da za a shiga gaisuwa kullum sun fi waɗanda aka lissafa. Kuɗin kafinta da na shatar mota a Legas da Akara su ma a ware su daban tun daga gida, domin zane ba ya fara kawo kuɗi sai an rataye shi.